Gaban Fijo 504 ya ruɓe, Kawu ya ce a datse a jona wani

Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa ya rubuto mana cewa: "Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar Fijo 504 salun, ta daɗe a ajiye a gindin darbejiya a ƙofar gida. Kafin a ajiye ta ta taɓa dukan kwalbati ta ɓangaren dama. Inji yana tashi, amma fenda duka biyu sun ruɓe ta ƙasa, mazaunin batir ya huje, bonet kuma ba ya rufuwa sai an danna. Na samu gaban wata 504 da aka yanka a Kano. Kawuna mai waldar ƙofofi da tagogi ne a kasuwarmu, ya ce in kawo ya datse gaban tamu daga wajen gilashi ya jona wancan, kwana biyu ya gama. Yayana kuwa ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Ni ina so in tashe ta, amma ina jin nauyin in ce wa Kawu a'a. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa.

Kafin maganar ƙarfe, akwai maganar gado. In ba a raba ba, motar nan ta magada ce gaba ɗaya, har da mata. Ku zauna da Yaya da sauran 'yan'uwa a gaban malamin da zai raba muku, a yi mata kuɗi yadda take a yanzu, a sa ta cikin kasonka ko ka biya su nasu. Kada ka zuba ko kwabo a kanta kafin wannan, don ranar da ta yi kyau kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki.

Motar ta cancanci gyara. A 1968 Peugeot ta fito da 504 a Faransa, kamfanin haɗa Fijo na Kaduna kuma ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har gobe ana samun kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da wuraren masu yanka motoci, ana kuma samun tsofaffin fanabita da suka san ta ciki da waje. Amma shawarar Kawu ta datsewa daga gilashi a jona, kada ka yarda da ita, ko da wa zai yi aikin.

Dalili shi ne salun 504 ba ta da shasi dabam da ake ɗora bodi a kai kamar babbar mota. Bodin ne shasin. A gaba akwai hannaye biyu na ƙarfe masu rami a ciki da suka fito daga ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja suka miƙe zuwa bamba, a jikinsu kurosmemba, wato ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, take ɗaure. Sama da su akwai fendar ciki, wato bangon ɗakin inji na hagu da dama, kuma a nan ne kan shokozoba yake zaune. Duk nauyin inji da dukan ramin hanya da ƙarfin birki ta waɗannan wurare suke bi. In aka yanka su duka a layi ɗaya aka jona, an tara raunin motar a wuri guda, kuma kuskuren rabin santimita a wajen jonin ya ishi mota ta riƙa ja gefe tana cin taya har ƙarshen rayuwarta. Wanda ke bayanka a hanyar Gujungu zai ga tana tafiya a karkace kamar kare.

Gaban da ka samu a Kano bai zama asara ba. Ka saye shi a matsayin rumbun kayan gyara, a ɓalle abin da ake bukata daga jikinsa ta inda kamfani ya haɗa, a mayar a taku ta wannan layin. Kafin ka biya, ka tafi da maganaɗisu da sukurudireba. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce aka cika, wato ƙullun da fanabita ke cike lotsawar bodi da shi. Inda ka danna sukurudireba ya shige, tsatsa ta gama da wurin. Ka leƙa hannayen shasinsa ko akwai lanƙwasa ko alamar an taɓa gasa su da wuta. Sannan ka nemo inda aka buga lambar shasi a taku da wancan. Lambar da ke cikin takardunku ita za ta zauna a motar; in ɓangaren da za a canja yana ɗauke da ita, ka je ofishin lasisin mota ka tambayi yadda ake yi kafin a sa giranda, ka kuma karɓi rasit na gaban da ka saya. Mota mai lamba biyu ko mai lambar da aka yanko aka liƙa, bayaninta a shingen 'yan sanda yana da wuya.

Yanzu aikin kansa. Walda ita ce kusan ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙanƙantar lokaci. Mafi yawan kwanakin a kwancewa da awo da gwaji za su tafi.

A nemi daɓen siminti mai lebur, ko da shagon wani ne za a ara. Kan rairayi ba a yin wannan aiki, don waigi yana nutsewa cikin dare awo ya canja ba wanda ya sani. A ɗora motar a kan waigi huɗu masu ƙarfi a ƙarƙashin inda ake sa jak, a daidaita ta da tiyon ruwa irin na magina har hagu da dama su zo ɗaya. A cire batir gaba ɗaya, da bamba, fitilu, ragar gaba, lagireto da bonet. Kafin a kwance bonet a zagaye hinjinsa da alli ko ƙusa don a san mazauninsa. Fendar waje da noti take ɗaure. Notin da ya ƙi a jiƙa shi da man kwance tsatsa ya kwana, kada a fizge shi ya tafi da naman fendar ciki. Kowane mataki ka ɗauki hoto da waya, notina kuma a zuba su a leda daban-daban a rubuta sunan wurinsu. In har za a taɓa hannun shasi, inji ma sai ya fita.

Daga nan a kankare. Bayan taya, inda laka ke taruwa a ƙasan fenda, da ƙarƙashin gilashin gaba inda ganye ke toshe hanyar ruwa, da mazaunin batir inda ruwan batir ya ci ƙarfe, waɗannan ne gidajen tsatsa. A bi su da burushin waya a kan giranda har a ga farin ƙarfe. Kullum ramin da ya bayyana yana fin wanda ido ya gani da fari girma, don tsatsa daga ciki take cin ƙarfe ta fito.

Sai awo, kuma a nan muke so ka tsaya da kanka. A ɗaura noti a bakin zare a saukar da shi daga wurare masu tagwaye hagu da dama: tsakiyar mazaunin shokozoba, notin kurosmemba, bakin hannun shasi inda bamba ke ɗaure, da wani rami ko noti na ƙarƙashin mota can baya inda duka bai kai ba. Inda notin ya nuna a daɓe a sa ɗigon alli. Sai a auna a gicciye, daga hagu na baya zuwa dama na gaba, daga dama na baya zuwa hagu na gaba. Awon biyu su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce milimita 3. A kuma auna tsayin kowane wuri daga daɓe. A rubuta duka a littafi. Bonet da ba ya rufuwa sai an danna yana iya nuna dukan kwalbatin nan ya tura ɓangaren dama baya ko sama, awon ne zai faɗi nawa.

In an ga karkata, a ja ta ta dawo tun tsohon ƙarfen yana jiki, kafin a yanke komai. Da yawa suna yanke lanƙwasasshen su yar, sai su tarar sabon ya ƙi zama, domin abin da ke bayansa ma ya gurɗe kuma babu sauran abin kamawa a ja. A ɗaure motar ta baya, a ja da cen bulok, wato sarƙar ɗaga inji, ko jak a hankali ta fuskar da dukan ya shigo, ana ja ana aunawa, ana ɗan bubbuga wajen lanƙwasar da guduma don ƙarfen ya saki. Kowa ya kauce daga layin sarƙa. In hannun shasi ya karye ya yi ƙwarya mai kaifi, ja ba zai mayar masa da ƙarfinsa ba, canja wannan yanki za a yi.

Bayan awo ya daidaita, a ɗana ƙarfen angul ko fayif mai kusurwa huɗu tsakanin mazaunin shokozoba biyu, wani kuma tsakanin bakin hannayen shasi, don kada su motsa in an cire abin da ke riƙe su. Kuma ɓangare ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. Hagun da bai daku ba shi ne abin kwatance.

In ka goge gefen da faranti biyu suka haɗu za ka ga ƙananan tabo zagayayyu a jere, ɗigon waldar kamfani ke nan. A buga wa kowanne alama a tsakiya, a huda da bakin dirila mai milimita 8, amma farantin sama kaɗai, na ƙasa a bar shi lafiya. Sai a zura siririn kurfi a tsakani a raba su a hankali. Aiki ne mai cin rai, ɗigon suna da yawa, kuma a nan ne mai gaggawa yake ɗauko wutar gas ya yanke, ya ƙone leɓen da sabon faranti zai zauna a kai. A jikin gaban da ka sayo kuwa a lura da wanne faranti ake so, a huda ta yadda shi zai fito da ramuka masu tsabta, don waɗannan ramukan ne za a cike da walda daga baya.

Inda faci kawai ake bukata, kamar mazaunin batir, a yanke ruɓaɓɓen har a shiga lafiyayyen ƙarfe da kamar santimita 2, a zana siffar ramin a kwali, a yanko faci daidai da shi. Kaurin facin ya zama irin na wurin. Fatar waje ba ta kai milimita 1 ba, fendar ciki tana wajen 1 zuwa 1.2, hannun shasi kuma 1.5 zuwa 2. A auna na motar a tabbatar. Mafi kyawun abin faci shi ne rufi ko ƙofar wata matacciyar mota. Kwanon rufin ɗaki bai dace ba sam, ya yi siriri, kuma farin sinadarin da aka shafe shi da shi yana tashi da hayaƙi mai sa zazzaɓi in wuta ta taɓa shi. Masu yanka durom su yi faci kuma su sani, durom da ya taɓa ɗaukar fetur ko sinadari yana iya fashewa ko da ya shekara a bushe.

Kafin a kunna wuta, a haɗa gaban gaba ɗaya ba walda. A kama sabon faranti da filaya mai kulle da ƙananan sukurori masu cin ƙarfe, a mayar da fenda biyu, bonet, ragar gaba, fitilu, lagireto da bamba. A rufe ƙofofin gaba a duba. Tazarar fenda da ƙofa, da ta fenda da bonet, ta zama kamar milimita 4 zuwa 5 daga sama har ƙasa; a yanko ɗan katako mai wannan kauri a riƙa zura shi. Layin jikin ƙofa ya miƙe ya shiga na fenda. Bonet ya faɗa ya kulle da kansa. A sake sauke zare a auna gicciye. Abin da bai zauna ba a kwance sukuru a gyara, ko sau nawa ne. Sukuru minti ɗaya ne kwance shi, walda kuwa sai an yanka. In komai ya zauna a zana layi a gefen kowane faranti, a cire kayan waje, a bar sukurorin a wurinsu har a ɗiga walda.

To, ga inda maganar Kawu ta shigo. Injin da yake ƙofofi da shi na lantarki ne mai sanda, kuma sandar da aka fi samu a kasuwa geji 12 ce, mai kaurin milimita 2.5, ko geji 10 da ta fi ta. An yi su ne don ƙarfe mai kauri. A kan fatar mota suna huda rami kafin su haɗa, sai a bi ramin da ciko, a samu tulin walda mai ƙura a ciki wadda ba ta kama komai ba. Wannan ba gazawar hannunsa ba ce, kayan aikin ne ba na nan ba. Abin da ya fi dacewa shi ne injin MIG, mai waya milimita 0.6 ko 0.8 da tukunyar gas, wanda sai a manyan garejin birni aka fi samu. Shi kuma ba ya son iska, in ana kaɗawa sai a kare wurin, in ba haka ba waldar ta fito da ƙananan ramuka. In babu shi, waldar gas ta kabaid da fanabita suka saba da ita tana yi, da ƙaramin baki, da harshen wuta daidaitacce, da wayar ƙarfe mai kamar milimita 1.6. Aibinta zafi, tana gasa wuri mai faɗi faranti ya kumbura, don haka sai mai haƙurin bin kowane ɗan yanki da guduma da dali, wato dunƙulen ƙarfen da ake tokarawa ta baya, tun yana da zafi. In fanabita ya ɗauko sandar tagulla zai liƙa hannun shasi ko mazaunin shokozoba, ka hana. Tagulla kwanciya take a kan ƙarfe ba ta narke da shi ba, a haɗin baki da baki tana tsagewa da girgiza, garin da ake haɗa ta da shi yana tayar da fenti daga baya, kuma wurin da ta taɓa ba ya karɓar waldar ƙarfe sai an yanke shi.

Ba sai ka ce wa Kawu a'a ba. Ka je masa da girmamawa ka ce, "Kawu, so nake ka tsaya mini a kan aikin nan, kai ne idona." Ƙarafan ɗaurin da muka ambata, da waigi, da maƙalan bamba, duk aikin injinsa ne, ka ba shi ka biya shi. Ka roƙe shi ya raka ka wajen zaɓen fanabita. Sannan ka kawo guntaye biyu daga tsohuwar fenda ka ce a gwada wuta a kansu tukuna. Mai sana'a in ya ga sandarsa tana huda ƙarfe, da bakinsa zai ce a kai wa masu gas. Wannan gwajin kuma a yi wa fanabitan ma: ya haɗa guntaye biyu ta rami ɗaya, a kama a bais, wato matsen ƙarfe, a murɗa har su rabu. In waldar ta fizgo nama daga ɗaya farantin ta bar rami, ta kama. In ta ɓalle fes ta bar wurin sumul, a saman kawai ta kwanta.

A wajen haɗin kamfani, ramuka masu milimita 6 zuwa 8 ake cikewa, a bi yawan ɗigon asali, ko a sa tazarar santimita 2.5 zuwa 4. Fuskokin biyu su zama farin ƙarfe, a matse su ƙam babu iska a tsakani. A fara wutar a tsakiyar ramin a kan farantin ƙasa, ya narke, sannan a zagayo a cike. Wanda ya fara daga gefen rami ya rufe shi ne kawai. A wajen faci kuwa baki da baki ya fi, da 'yar tazarar da ba ta wuce milimita 1 ba. Ɗora faci a kan rami ya fi sauƙi, amma tsakanin faranti biyun nan ruwa ke kwana, damina biyu ko uku sai tsatsa ta dawo. A ɗiga a kusurwoyi, a ɗiga kowane santimita 5, sannan a riƙa tsallake-tsallake ana cike tsakani, ana barin wuri ya huce har a iya dafa shi da hannu. Jan dogon layi a tashi ɗaya shi ke murɗe faranti. Kada a watsa ruwa don a yi sauri. In rami ya ɓulle, a tokara guntun jan ƙarfe ta baya a cike, walda ba ta kama shi.

In dole sai an jona hannun shasi, a zaɓi miƙaƙƙen wuri nesa da notin kurosmemba, kada yankan ɓangarorinsa ya faɗa layi ɗaya, a zura wani ƙarfe mai irin kaurinsa a ciki ya haye jonin da kamar santimita 5 zuwa 7 kowane gefe, a kama shi ta ramuka, sannan a zagaye jonin.

Wuta ba ta da wasa a ƙauye, balle lokacin hunturu da kara ya bushe. A janye tiyon fetur a toshe shi, a kauda wayoyi da fayif ɗin birki, a ɗaga kafet da soson da ke bayan bangon inji ta cikin mota, don can wuta ke kamawa ba a gani. A rufe gilashin gaba da katako ko jiƙaƙƙen bargo, tartsatsi yana cin gilashi ya zauna. Maƙalin wayar as, wato wayar injin lantarki da ake kamawa a jikin mota, a kama shi kusa da inda ake walda. Bokitin yashi da na ruwa su kasance a kusa, wani kuma ya tsaya yana kallon cikin motar, a kuma zauna rabin awa bayan an gama kafin a tafi. Maiko ko gris kada ya taɓa kan tukunyar oksijin. Yaran da ke taruwa kallo a kore su, hasken walda yana ƙona ido.

Wajen gogewa a yi amfani da faifai mai lamba 40 ko 60, a sauke kan waldar kaɗai. In wurin ya yi shuɗi an yi zafi da yawa, in aka ci gefe kuma faranti ya sirance. A haska tocila ta baya a cikin duhu, duk inda haske ya ɓullo a sake ɗigawa. Ka sa wannan a cikin yarjejeniyarku tun farko: kuɗi kashi-kashi, kuma ba za a shafa fila ko fenti ba sai kai da Kawu kun ga waldar tsirara ciki da waje. Fila tana rufe komai, har ramin da aka cusa wa takarda.

A ranar da aka goge a ranar za a shafa firaima, wato fentin farko, mai haɗi biyu irin ta ifoksi in an samu, domin farin ƙarfe ba ya kwana lafiya in akwai raɓa. Sai a bi duk haɗin da man toshe haɗi, a shafe bayan fenda da ƙarƙashi da baƙin fentin kariya. Fila kada ta wuce kaurin milimita 3. Inda ya nemi fiye da haka, guduma ce ba ta gama aikinta ba. Bayan an gama fenti, ba kafin nan ba, a fesa kakin hana tsatsa ko mai mai kauri cikin hannayen shasi, don zafin walda ya ƙone kariyar da ke ciki. Ƙananan ramukan zubar ruwa na ƙasan fenda da na ƙarƙashin gilashi a bar su a buɗe. A sa tire na roba a ƙarƙashin batir, a ɗaure shi da maƙali.

Motar da ta daɗe a tsaye, a canja mata tiyon birki na roba da man birki da tayoyi kafin ta hau titi, komai kyan zanen tayar. Sannan a kai ta a saita ƙafa. In mai saiti ya ce ta ƙi zama, a miƙe sitiyari a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe. Na salun 504 mita 2.74 ne, kuma hagu da dama su zo ɗaya. In sun bambanta, a fara duba bushin da sandunan ƙafar gaba na ɓangaren da ya daku, don su ma suna lanƙwashewa, kafin a koma kan littafin awo.